Shari'ar Ɗalibin da Ke Fashin Makaranta Don Riƙe Gidansu: Matakan da Na Bi

Ƙa'idar makarantar da nake koyarwa game da fashi a rubuce take, kuma duk malamin da aka ba riƙon aji ana miƙa masa kwafinta tare da rajista a farkon shekara. Idan ɗalibi ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu ba tare da uzurin da aka amince da shi ba, malamin aji zai gargaɗe shi da baki, sannan ya rubuta wa iyayensa takarda. Idan fashin ya ci gaba sai a kira iyayen su zo, idan nan ma ba a ga canji ba a kai maganar gaban kwamitin ladabtarwa, wanda yake da ikon dakatar da ɗalibi, ko hana shi zana jarrabawar ƙarshe, ko miƙa sunan iyayensa ga hukumar ilimi, wadda ita ce doka ta ba ikon kai su kotu. Uzurin da aka amince da shi iri uku ne kawai: rashin lafiya mai takardar likita, rasuwa a cikin dangi, da izinin da shugaban makaranta ya sa wa hannu tun kafin ranar. Matakin farko da na biyu na sha bin su, domin yawancin masu fashi a nan suke shiga taitayinsu. A kan wani yaro ɗan shekara 15, wanda yake ajin ƙarshe na karatun da doka ta wajabta, na bi matakan har zuwa ƙarshensu.

Duk wanda ya daɗe yana kiran suna ya san yadda fashin shiririta yake fitowa a rajista. A warwatse yake, yakan faɗo a ranar da ake da darasi mai wuya ko ranar da za a karɓi aikin gida, kuma da wuya ka ga ɗalibi ya yi shi shi kaɗai, sai dai su biyu ko uku 'yan kujera ɗaya su ɓace tare. Na wannan yaron ya sha bamban. Ranaku biyu ne a mako, kuma kullum su ne dai ba sa canzawa, ta yadda idan ka buɗe shafin wata guda za ka ga alamun rashin zuwansa sun jeru daga sama har ƙasa. Sauran ranakun yana zuwa, aikin gidansa a kammale, kuma babu malamin da ya taɓa kawo ƙararsa a kan rashin kunya. Ruwa ba ya tsami banza, amma rajista ba ta tambayar dalili, ƙirge kawai take yi, kuma ƙirgen ya wuce iyakar da ƙa'ida ta gindaya tun kafin a kai tsakiyar zangon farko.

Na kira shi ofishin malamai bayan an tashi, na karanta masa ranakun, na tambaye shi inda yake zuwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, zan gyara." Ban samu komai daga bakinsa ba bayan wannan. Sai da na miƙa masa biro ya sa hannu a kan takardar shaidar cewa an gargaɗe shi na ga tafin hannunsa: ya yi kanta, gindin yatsun ya tsattsage, ga wani jan layi da igiya ta bari daga babban yatsa zuwa wuyan hannu. Biron ma da ƙyar ya riƙe shi, domin yatsun ba sa lanƙwasuwa sosai. Na ce masa wannan hannun ɗan dako ne. Ya ɗan yi shiru, sannan ya faɗi abin da yake ɓoyewa. Mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya daina fita. Mahaifiyarsa tana wanki da shara a gidajen mutane, abin da take samu ba ya biyan haya da magani a lokaci guda. Shi ne babba, da ƙanne huɗu a bayansa. Akwai wani ɗakin ajiyar kaya da manyan motoci suke zuwa sau biyu a mako, tun da asuba ake fara saukewa, ana biyan kowa a ranar gwargwadon abin da ya ɗauka, kuma wanda bai zo ba sau ɗaya ana ba wani gurbinsa, domin masu jira sun fi masu aikin yawa.

Duk da na ji wannan, mataki na biyu ya zama dole, domin malamin aji ba shi da ikon tsallake shi. Takardar gargaɗi ga iyaye bugaggiya ce, suna da kwanan wata kawai ake cikewa, kuma a cikinta an ambaci dakatarwa da kotu. Yadda aka saba shi ne a ba ɗalibin ya kai gida. Da kwanaki suka wuce babu amsa na tambaye shi, sai ya zaro ta daga cikin littafin lissafi, ambulan ɗin ko buɗewa ba a yi ba. Mahaifiyarsa ba ta karatu, kuma duk takardar da ta shigo gidan, ta asibiti ce ko ta mai gida, shi ne yake karanta mata. Tsarin namu ya ɗora wa wanda ake tuhuma kai sammacin kansa, da karanta shi, da fassara shi ga wadda za ta fi kowa tayar da hankali idan ta ji abin da ke ciki. Ban ga laifinsa ba da ya bar ta a rufe.

Zuwa gidan ɗalibi ba ya cikin matakan, amma na je, domin takardar ta isa inda aka aike ta. Na gaida mahaifin a inda yake kwance, ya amsa da ɗaga hannu ɗaya. Na karanta wa mahaifiyar takardar daga farko har ƙarshe ban rage komai ba, kuma da na zo kan kalmar kotu sai ta dubi ɗanta, shi kuma ya dubi ƙasa. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba ni na rubuta ba, amma wajibi ne ki san abin da ke ciki." Ta ce, "Malam, ni ban aike shi ba, kuma ban hana shi ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce abin da yake kawowa ba shi muke ci ba." Ta ƙara da cewa ita ce ta fi kowa son ya gama, domin ta ga inda rashin karatu ya ajiye ta. Yaron ya ce, "Umma, ki bari, zan san yadda zan yi." Babu wanda ya tambaye shi yadda zai yi ɗin, domin dukanmu mun san babu wata hanya da yake ɓoye da ita.

Mataki na uku shi ne kiran iyaye, kuma ofis ya sa shi da ƙarfe goma na safe a ranar aiki, kamar yadda ake sa kowane taro. Ta zo, ta rasa aikin yinin, aka maimaita mata abin da na riga na karanta mata, ta sa hannu da babban yatsa a kan alkawarin cewa ɗanta zai daina fashi. Mako bai zagayo ba motocin suka zo, kujerarsa ta sake zama babu kowa. A takarda, wannan ya zama saɓa alkawari bayan gargaɗi biyu, kuma da shi maganar ta cancanci zuwa kwamiti.

Kafin zaman kwamiti malamin aji yana cike fom yana haɗawa da rahoto. A fom ɗin, a ƙarƙashin dalilin fashi, gurabe huɗu ne: ukun nan na uzuri, da na huɗu mai cewa babu uzuri. Wanda ya kwana yana kallon ƙwallo ya kasa tashi, da wanda ya tashi tun da asuba yana sauke buhuna don a sayi maganin mahaifinsa, gurbi ɗaya suke faɗawa. Na sa alama a na huɗun, tunda shi kaɗai ne ba ƙarya ba a bisa ƙa'ida, sannan na zauna rubuta rahoton, wanda shi ne wuri ɗaya tilo da zan iya faɗin abin da na gani. Na san kwamitin ba zai karɓi tausayi a matsayin hujja ba, kuma yana da gaskiya, saboda haka na nemi sanin abin da dokoki suka tanada da abin da ya faru a wuraren da suka gwada tsananta hukunci.

Hukunta iyaye a kan fashin 'ya'yansu abu ne da ya yaɗu a duniya. A Ingila, sashe na 444 na dokar ilimi ta 1996 ya mai da shi laifi, kuma daga watan Agusta na 2024 tarar farko fam 80 ce idan aka biya cikin kwana 21, ta koma fam 160 idan aka wuce haka, ga kowane uba ko uwa a kan kowane yaro. Idan ta kai kotu kuma laifin ya yi tsanani, tarar takan kai fam 2,500, ana kuma iya ɗaure mutum har wata uku. A Najeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce a karon farko a ja kunnen iyaye, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. Abin da na lura da shi game da Ingila shi ne, mafi yawan tarar da ake ci can ta iyayen da suka ɗauki 'ya'yansu tafiya hutu ana tsakiyar karatu ce. A kan irin waɗannan tara tana da ma'ana, domin mutum ne mai zaɓi biyu ya ɗauki ɗaya, kuma ana iya sa zaɓin ya yi masa tsada har ya fasa. Matar da na karanta wa takarda ba ta da zaɓi na biyu da za a tura ta gare shi. Duk tarar da aka ci ta, daga kuɗin dakon ɗanta za ta fito, wato sai ya ƙara kwanakin fashi kafin a biya kuɗin hukuncin fashi.

Jihar Texas ta Amurka ta kai abin ƙarshe kafin ta dawo da baya. A da, a can ɗalibin da kansa ake gurfanarwa a kotun laifuka, a ci shi tarar da takan kai dala 500, kuma a shekarar 2013 kaɗai an shigar da ƙararraki irin wannan fiye da 100,000. A 2015 jihar ta cire fashin makaranta daga jerin laifukan da ake hukunta ɗalibi a kansu a matsayin mai laifi, ta kuma wajabta wa makarantu su fara gwada matakan magance dalilin fashin kafin su nufi kotu. Na sa wannan a rahoton domin kwamitin ya ga cewa tambayar dalili kafin hukunci ba taushin zuciyar malami ɗaya ba ne.

Kwamitin mutum biyar ne, mataimakiyar shugaban makaranta ce take jagorantarsa, tare da malamin ladabtarwa, da malamar ba da shawara, da wakilin ƙungiyar iyaye da malamai, da wani babban malami. Ni ba ni da ƙuri'a, bayani kawai aka kira ni in yi. An shigo da yaron da mahaifiyarsa, aka karanta ranakun fashin ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ɗauki lokaci, sannan aka tambaye ta ko tana da abin cewa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ku ne masu ilimi. Ku duba mini, a cikin haya da magani da karatunsa, wanne zan ajiye? Duk wanda kuka ce, shi zan ajiye." Ba gatse take yi ba, tambaya take yi da gaske, kuma babu wanda ya ba ta amsa. Aka ce su jira a waje.

Malamin ladabtarwa ya kawo shawarar dakatarwa ta mako biyu, domin ita ce hukuncin da aka saba yi. Wakilin iyaye, wanda bai cika magana ba, ya tambaya ko an lura cewa yaron da ake tuhuma da rashin zuwa kwana biyu a mako za a hana shi zuwa kwana goma a jere, kuma ina ake tsammanin zai wuni a cikin kwanakin. Daga nan ba a sake tayar da maganar dakatarwa ba. Hana jarrabawa ma ba ta daɗe a kan tebur ba, domin jarrabawar ita ce abu ɗaya da ya rage yana jawo shi makaranta a sauran ranakun.

Wadda ta tsaya tsayin daka ita ce mataimakiyar shugaba, kuma hujjarta ita ce mafi ƙarfi da na ji a wannan rana. Ta shekara fiye da ashirin tana koyar da tarihi, ta ce a iya abin da ta gani, duk yaron da aka raba wa lokaci tsakanin aiki da karatu, aikin ne yake cinye karatun a ƙarshe, domin aiki yana biya da yamma, takardar shaida kuwa sai bayan shekaru. Ta tunatar da mu cewa an taɓa gwada wannan rabon a Ingila: dokar masana'antu ta 1833 ta wajabta wa yaran da ke aiki a masaƙu karatun awa biyu a rana, ta 1844 ta kafa tsarin rabin yini a masaƙa rabin yini a aji, kuma tsarin ya daɗe musamman a yankin Lancashire har dokar ilimi ta 1918 ta soke shi, ta tsayar da shekarun barin makaranta a 14. Malamai na cikin waɗanda suka fi yaƙar tsarin, domin su ne suke ganin yaran suna gyangyaɗi a kan benci. Ta ce dokar tilasta karatu an yi ta ne domin ta tsaya wa yaro ko da a gaban buƙatar gidansu, kuma ranar da makaranta ta amince cewa talauci uzuri ne, za ta buɗe ƙofar da 'ya'yan talakawa ne kaɗai za su fita ta cikinta, 'yan mata a kan gaba. A ganinta, miƙa sunan ga hukuma ko babu komai zai sa wani babba ya san da zaman wannan gida.

Na yarda da kusan duk abin da ta faɗa, har yanzu ma na yarda. Aikin da yaron yake yi bai halatta gare shi ba. Yarjejeniya mai lamba 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1973, ta ce kada shekarun fara aiki su gaza shekarun gama karatun dole, kuma kada su gaza 15, ko 14 ga ƙasashe masu tasowa. Ta yarda da aiki mara nauyi ga waɗanda ba su kai ba, bisa sharaɗin kada ya taɓa lafiyarsu ko zuwansu makaranta. Aiki mai haɗari kuwa sai an kai 18, kuma ɗaukar kaya masu nauyi yana cikin abubuwan da shawarar ƙungiyar ta 1999 ta lissafa a wannan rukuni. Amma idan haka ne, a cikin wannan magana akwai mutum uku: yaron, da mahaifiyarsa, da mai ɗakin ajiyar da yake ɗora wa ɗan shekara 15 buhu a lokacin makaranta. Matakanmu tun daga gargaɗi har kotu sun kama biyun farko, na ukun kuwa ko takarda ɗaya ba mu tanadar masa ba, alhali shi kaɗai ne a cikinsu yake cin riba, kuma shi kaɗai ne tara za ta iya canza wa lissafi.

Na kuma ce yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 28 inda ta nemi ƙasashe su ƙarfafa zuwa makaranta a kai a kai su rage masu barinta, a nan dai ta ambaci taimakon kuɗi ga mabuƙata. Ƙasashen da suka ɗauki wannan da gaske sun kalli kuɗin da yaron yake kawowa a matsayin ainihin abin da za a cike. Shirin Progresa na Meziko, wanda aka fara a 1997, a lokacin da yake aiki uwa yake biya idan ɗanta ya halarci kashi 85 cikin 100 na kwanakin karatu, kuɗin yana ƙaruwa yayin da ajin yake ƙaruwa, domin babban yaro ya fi ƙarami samu idan ya fita aiki, kuma na 'yan matan sakandare ya ɗara na maza. Shirin Bolsa Família na Brazil ya zo a 2003 da sharaɗi makamancin wannan. A irin wannan tsari ma akwai hukunci, tunda wanda ya yi fashi ana iya tsayar masa da kuɗi, amma sai da aka fara sa wani abu a hannun uwar kafin a yi barazanar karɓewa. Mu kuwa barazanar kaɗai muke da ita. Kuma yawan masu irin wannan hali ya fi ƙarfin a ce lalacin wasu gidaje ne: rahoton Ƙungiyar Ƙwadago da UNICEF na 2021 ya ƙiyasta yara miliyan 160 a cikin aikatau, kashi 72 cikin 100 a aikin iyalansu, na 2025 kuma ya kawo adadin kusan miliyan 138.

Mataimakiyar shugaba ta ce duk ta ji, amma makarantarmu ba Progresa ba ce, ba ta da asusun biyan iyaye, saboda haka in faɗi abin da za a iya yi da abin da ke hannu. Wannan ma gaskiya ce, kuma a nan ne zaman ya fi daɗewa. Malamar ba da shawara ce ta hango hanyar, a cikin ƙa'idar kanta: uzuri na uku, izinin da shugaba ya sa wa hannu tun kafin ranar, ba a ce don me za a bayar da shi ba. Aka tsayar cewa za a jingine hukunci, a rubuta yarjejeniya. A ranakun da motoci suke zuwa yaron zai shigo bayan hutun safe da izini a rubuce, maimakon ya rasa yinin gaba ɗaya. Darussan da suka wuce shi zai rama su bayan an tashi. Ƙungiyar iyaye da malamai za ta biya masa kuɗin rajistar jarrabawa, a kuma rubuta wa mahaifiyar takarda zuwa ofishin jin daɗin jama'a. Mataimakiyar shugaba ta gindaya sharuɗɗa biyu kafin ta sa hannu: yarjejeniyar ta mutu a ƙarshen shekara, kuma ya daina ɗaukar kaya a ka ko a baya, domin makaranta ba za ta ba da izinin aikin da doka ta hana ba. Malamin ladabtarwa bai amince ba, ya nemi a rubuta cewa bai amince ba, aka rubuta.

Sharaɗi na biyu ya faɗo a kaina, domin ni aka aika wurin mai ɗakin ajiyar. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Malam, ni fa taimakonsa nake yi, manya nawa ne suke roƙon gurbin nan." Bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne abin da ya sa maganar take da wuya. Na faɗa masa shekarun yaron da abin da doka ta ce game da nauyi, ban yi barazana ba domin ba ni da abin yin ta. Da ya ji cewa yaron ya iya rubutu da lissafi, sai ya ce dama yana neman wanda zai tsaya a bakin mota yana ƙirga abin da aka sauke yana rubutawa, aikin da yake ƙarewa da wuri, amma kuɗinsa bai kai na dako ba. Na kai wa mahaifiyar wannan labari ina tsammanin za ta yi murna. Ta yi godiya, sannan ta yi lissafin abin da ya ragu a fili a gabana, ta ce za ta nemi ƙarin gida ɗaya na wanki. Sauƙin da muka samar wa bayan ɗanta a bayanta ya sauka. Takardar ofishin jin daɗin jama'a kuwa an karɓa, an ce an rufe ɗaukar sunaye sai wani zagaye, kuma har shekarar ta ƙare zagayen bai zo ba.

Ramuwar darasi ta fi komai wahalar riƙewa, domin ta dogara ne da malamai su tsaya bayan lokacinsu babu ƙarin ko sisi. Wasu sun tsaya har ƙarshe, wasu sun fara sun gaji, kuma ba na ganin laifinsu. Duk da haka alamun rashin zuwa sun ragu ƙwarai a zango na biyu. A na uku jikin mahaifin ya tsananta aka kwantar da shi a asibiti, yaron ya ɓace na wani lokaci, kuma na samu labarin ya koma ɗaukar buhu. A bisa yarjejeniya wannan ya isa a dawo da hukuncin da aka jingine. Mataimakiyar shugaba ta karɓi takardar asibitin mahaifin ta sa a fayil, ba ta kira kwamiti ba, kuma ba ta yi mini bayanin dalili ba.

Ya zana jarrabawar. Ya ci yawancin darussa, ya faɗi lissafi, wanda a jadawalinmu yake zuwa da sassafe a ɗaya daga cikin ranakun motoci. Bai yi rajistar matakin karatu na gaba ba, kuma tunda ya gama karatun dole, babu wata doka ko rajista da ta sake neman sa. Mataimakiyar shugaba tana ganin wannan ya tabbatar da maganarta cewa aiki ne yake cin nasara. Ni kuma ina ganin da an dakatar da shi a zangon farko, ko an kai uwarsa kotu, da aikin ya ci nasarar tun a lokacin, babu takardar shaida ko guda a hannunsa. Mun yi wannan muhawara fiye da sau ɗaya, kowa yana nan a kan bakansa.

A taron malamai na ƙarshen shekara an yi gyara biyu. Takardar gargaɗi yanzu ma'aikacin makaranta ne yake kai ta ya karanta wa iyaye, kuma an ƙara layi a fom inda malamin aji zai rubuta dalilin da ya gano kafin a tura magana kwamiti. Shekarar da ta biyo baya layin ya fito da wasu 'yan mata biyu da suke zama a gida rainon ƙanne domin iyayensu mata su fita aiki, kuma yarjejeniyar da muka yi wa yaron ba ta yi musu amfani ba, domin babu mai ɗakin ajiyar da za a je a roƙa, kuma raino ba ya ƙarewa kafin hutun safe. Makaranta ta rubuta wa hukumar ilimi tana neman a ba ta ikon tsara lokaci na musamman ga ɗaliban da aka tabbatar suna riƙe da gidajensu. Hukumar ta amsa cewa aiki ba ya cikin uzurin da doka ta sani, saboda haka har yanzu kowane ɗalibi sai shugaba ya sa masa hannu shi kaɗai, kuma a sabunta izinin a farkon kowane zango.